Filin Tambayi Bakanike: Ƙarar da Inji Ke Yi da Sassafe

Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya sauka Sakkwato, wasiƙun da ke zuwa wannan fili kusan duk kuka guda suke yi: an tada mota da safe, an ji ƙara. Na ware guda 6 zan amsa a wannan fitowa, sauran ma za su tsinci tasu amsar a ciki.

Bari in fara da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mota ba ta isowa garejina sai ta riga ta yi zafi. Mutum ya taso daga Arkilla ko Kwannawa, ya ratsa gari, kafin ya iso ƙarar ta ɗauke. Sai ya tsaya gabana yana kwaikwayonta da baki, ni kuwa in kasa kunne in ji inji yana tafiya sumul. Mai mota shi ya ji, shi ke da shaida. Saboda haka gobe da safe, kafin ka murɗa makulli, buɗe bonet, kashe rediyo da fanka, ka sa wani ya riƙe waya kusa da inji yana ɗaukar sauti, sannan ka tada. Kada ka taka totur. Ka ƙirga sakan nawa ƙarar ta yi kafin ta ɗauke, ka lura da jar fitilar mai yaushe ta mutu. Wanda bai iya wannan ba, ya bar motar ta kwana wurin bakanikensa, a tada ta da safe a gabansa.

TAMBAYA: Malam bakanike, motata Golf 3 ce. In na tada ta bayan sallar asuba sai in ji ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, bayan minti ɗaya ko biyu ta yi shiru. Wani bakanike ya ce a ƙara mata maganin kauri a cikin baƙin mai, wani kuma ya ce sai an sauke inji. Wanne zan bi?
Daga wani malamin firamare, Mabera

AMSA: Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna, musamman kada ka bari a sauke maka inji a kan wannan. Da ka ce keken ɗinki ka riga ka nuna mini daga sama ƙarar ke fitowa, wurin tafet.

In ka kashe mota da dare, baƙin man da ke saman inji yana tsiyayewa a hankali ya koma kaskon ƙasa, wanda muke kira botom filet. Da safe famfon mai zai jawo shi daga can, ya tura shi ta cikin filta, ya bi ƙananan hanyoyi har ya kai top silinda, kuma saman nan shi ne na ƙarshe a layi. Tafet ɗin Golf 3 irin wanda mai ke cikawa ne. Kowane ɗaya kamar ɗan kofi yake da aka kife a kan bawul, wato marfin da ke buɗe wa iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita, a cikinsa akwai ɗan ƙaramin fistan, mai ne ke shiga ya tokare shi, ya cike gibin da ke tsakanin bawul da kamshaf, sandar da ke juyawa tana danna shi ya buɗe. Wanda ya kwana kamshaf na danne da shi, man cikinsa yakan zurare. Da ka tada sai gibi ya buɗe, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe har mai ya iso ya cika shi.

Akwai yadda kunne ke gane ta. Kamshaf sau ɗaya yake juyawa duk lokacin da karanshaf, babbar sandar ƙasa da fistan ke juyawa, ya juya sau 2. In inji yana silo a juyi 720 a minti, tafet guda zai buga sau 6 a sakan. Ƙara ce siririya mai tsari, kana ɗaga totur tana ƙara sauri. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa sifana sai ya fara ba shi dogon sukudireba. Ka kafa bakinsa a kan murfin top, ka kara ƙotar a ƙashin da ke bayan kunnenka, ka riƙa gusawa daga silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. Inda ƙarar ta fi shiga kanka, nan take. Sannan ka sauko ka kafa a jikin bulok, ka ji ta yi nisa. Sai dai a tattare hannun riga, kuma mai babbar riga ya tuɓe ta kafin ya sunkuya, don fanbel ba ya jira.

Sakan 2 ko 3 bayan mota ta kwana, ko ta yi mako a ajiye, ba abin damuwa ba ne. Taka kuwa minti ɗaya zuwa biyu ce, ta yi tsawo, kuma ruwa ba ya tsami banza. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: mota na tsaye a wuri madaidaici, kafin a tada, zaro gejin mai, goge, mayar, sake zarowa. In mai yana ƙasa da alamar ƙasa, famfo yana haɗawa da iska, iska kuwa ba ta tokare tafet. In ya zarce alamar sama ma matsala ce, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa.

In mai ya cika daidai, abin zargi na gaba filta ce. A bakinta, ƙarƙashin ƙananan ramukan nan da suka kewaye babban ramin tsakiya, akwai wata roba da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe inji. Filtar banza robarta takan sandare, ko ma ba ta rufewa tun fil azal, sai duk safiya famfo ya fara cika filta kafin sama ta ga ɗigo. Na sha kashe irin ƙararka da canjin filta kaɗai. Haka man juyen da ake aunawa a kwalba a bakin titi: ba ka san daga ina ya fito ba, wani tsoho ne aka tace. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama jabun man inji a ƙasar nan. Araha ba ta ado, Malam, sayi na galan mai hatimi a wurin da ka amince. Golf 3 tsohon zubi ce, 15W-40 mai kyau ya ishe ta.

Sannan buɗe murfin zuba mai ka haska da tocila. In ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, to jinkirin juye ya tara datti, kuma ramin da mai ke bi ya shiga tafet bai wuce kan ashana ba. Kada ka yarda a zuba kananzir ko gas a tada inji da sunan wanki. Dattin zai ɓalle gaba ɗaya ya je ya toshe ragar da famfo ke zuƙo mai ta ciki, ka tashi daga ƙaramar matsala ka faɗa babba. Gara a kwance botom filet a wanke ragar da hannu, a yi juye, a sake wani juyen da wuri. Maganin kaurin da aka ce ka zuba rufe baki kawai yake yi wa ƙarar, da safe kuma ya ƙara wa mai nauyin hawa.

In duk an yi wannan tana nan, tafet ɗin ne ya gaji. Guda 8 ne a yawancin injinan Golf 3, kuma murfi da kamshaf kawai ake ɗagawa, inji yana zaune a wurinsa. Tunda za a cire bel ɗin tayimin, a duba shi a lokacin. In wani ya ce maka kawo a saita tafet, ka san da zamanin Peugeot 504 yake magana, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Su ne ake saitawa da filla geji, wato siraran ƙarafan auna gibi, da sukuru. Golf ɗinka ba ta da abin saitawa.

TAMBAYA: Ina da Honda Accord ƙirar 2008 mai silinda 4. Duk safiya tana yin wata ƙara garrr, kamar an ja sarƙa a kan kwanon rufi, sakan 2 sai ta ɗauke, ba na sake jin ta sai washegari. Maigidana ya ce tafet ne, kuma zafin Sakkwato sai mai mai kauri. Yanzu 20W-50 ake sa mata.
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Gawon Nama

AMSA: Hajiya, a gaida maigida, amma a wannan karon ba tafet ba ne. Injin motarki ba shi da tafet mai cika da mai, nasa da sukuru ake saita su, kuma in gibinsu ya yi yawa ƙararsu ba ta ɗaukewa cikin sakan 2.

Ƙarar da kika kwatanta sananniya ce a wannan ƙirar, har kamfanin Honda ya aika wa dilolinsa na Amurka takarda a kanta. A bakin kamshaf na ɓangaren shigar iska akwai wani giya da suke kira VTC. Aikinsa ya ɗan gaggauta ko ya jinkirta lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun inji, kuma da ƙarfin baƙin mai yake motsi. In an kashe mota akwai wata 'yar ƙusa a cikinsa da ke faɗawa rami ta kulle shi. In ta gaji ba ta kulle ba, da safe sai giyan ya riƙa karkaɗawa fanko har mai ya iso ya riƙe shi. Masu Toyota mai VVT-i, wato nasu irin wannan giyan, irin su Camry da Sienna, su ma wasunsu sun san wannan garrr ɗin.

Mota takan daɗe tana yin haka ba ta tsaya ba, don haka kada hankalinki ya tashi. Amma duk karkaɗawar nan sarƙar tayimin ce ke shan ta. Kuma akwai na biyu da ke irin wannan ƙara, wato abin da ke ɗame sarƙar, wanda shi ma mai ke tura shi. In kin ga sakan 2 ya koma 5, ko ƙarar ta fara zuwa ko da inji na da zafi, ko fitilar nan mai hoton inji ta kama, to kada a ƙara mako. Sarƙa in ta tsallake haƙori a wannan inji, fistan na iya dukan bawul. In za a gyara, a buɗe a duba giyan da sarƙar da abin ɗamewar tare, kada a canza ɗaya a rufe.

Maganar mai kuwa, a nan nake roƙon maigida ya saurare ni, don ita ce muhawarar da nake yi kusan kullum. Ki duba murfin zuba mai. In motar daga Amurka ta zo, za ki ga an rubuta 5W-20. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudu in yana da sanyi, ƙarama ta fi saurin gudu. Ta bayan kuma kaurinsa ce in ya kai digiri 100. Gaskiya ne a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, amma ruwan inji mai lafiya a wajen digiri 90 yake aiki, ko a Sakkwato ko a Jos. Injin da aka yi wa hanyoyin mai sirara da 'yar raga mai ƙananan ido a gaban VTC, in kika ba shi 20W-50 da sanyin asubar Janairu, kin sa shi jira a daidai lokacin da ya fi buƙata. Ni a ganina, tunda motar ta kwana biyu, 5W-30 mai kyau ba laifi. Amma 20W-50 ya yi mata nisa.

Kuma ki tambaya ko an cire mata tamostat, abin da ke tsare ruwa a inji har ya yi zafi, an haɗa fanka kai tsaye, don al'adar da muka ɗauka ke nan da zarar mota ta shigo ƙasar. In an yi, a mayar. Injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri ya fi shan fetur, mansa kuma ya fi saurin lalacewa. Wata 'yar tik-tik siririya da za ki ji bayan garrr ta wuce, wadda ba ta ɗaukewa, nozul ne ke buɗewa suna rufewa. Aikinsu ke nan.

TAMBAYA: Maigida, Sharan nika ja tsakanin Sakkwato da Illela. Da sahe tana yin caf-caf-caf, in na taka totur ta ƙaru, in mun yi nisa kaɗan ta ɓace. Baƙin mai cike yake, juye ba ya wuce ni. Wani lokaci ina jin warin hayaƙi cikin mota. Mi ka kawo wagga ƙara?
Daga wani direban haya, Tashar Illela

AMSA: Direba, warin hayaƙin nan da ka ambata a ƙarshe shi ne kan maganar. Ina kyautata zaton manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silindu ya kai bututu, shi ne ke huci, a wurin da ya haɗu da top silinda. Ko gaskit ya ƙone, ko ƙusa ɗaya ta karye, ko shi kansa manifol ɗin ya tsage. Da sanyi ƙarfe yana tsuke, kafar a buɗe take, duk fitar hayaƙi daga silindar da ke kusa sai ka ji caf. In ya ɗau zafi ya buɗa, kafar ta matse, ƙarar ta ɓace. Shi ya sa take ruɗin mutane, don saurinta ɗaya da na tafet. Bambancin shi ne tana da iska a cikinta, kuma ta fi tashi in mota na jan kaya, ba a tsaye kawai ba.

Ba na manta wata Hiace da aka kawo mini daga wani gareji. An sauke top, an sake gaskit, an taɓa bawul, mai motar ya yi kwanaki bai fita aiki ba ga iyali, da aka tada da safe ƙarar tana nan daram. Na haska tocila ƙarƙashin manifol sai ga baƙin tabon hayaƙi a gefen silinda ta ƙarshe, ƙusa ɗaya ta karye a ciki, kanta kawai aka mayar ya zauna. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don minti biyar na dubawa da sun tsare wa bawan Allah nan kuɗinsa.

Kai ma za ka iya dubawa. Inji na sanyi, ka nemi baƙin tabo kamar na fitilar kwai a kewayen manifol, ka ƙirga ƙusoshin ka ga ko sun cika. A tada, a cikin sakan na farko-farko ka kusantar da bayan hannunka ba tare da ka taɓa ba, za ka ji iska na bugunka. Ko yaronka ya ɗan tare bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ƙarar za ta ƙaru a inda kafar take. A duba fulogi ma, don wanda ya kwance yana irin wannan huci. Abin da ke jawo tsagewa kuwa kun san shi: watsa ruwa a inji mai zafi wurin wanki, faɗawa kududdufi da damina, da robar da ke rataye salansa in ta tsinke, duk nauyin bututun ya koma kan manifol ana ta girgiza a hanya.

Ina roƙonka don Allah kada ka ce ai tana ɓacewa. A cikin hayaƙin inji akwai wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Warin da kake ji alama ce kawai cewa ita ma tana shigowa. Yanzu hunturu ne, gilashi a rufe, mota cike da fasinja har da jarirai. Farkonta ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, kuma kai ne a kan sitiyari. Gyaran ba shi da tsada. Kafin ka gyara, bar gilashi a buɗe.

TAMBAYA: Oga, DAF nake ja, ina lodin siminti a Kalambaina. Kwanakin nan in na tada ta da asuba tana ƙwal-ƙwal-ƙwal da farin hayaƙi, sai ta yi minti biyar ta daidaita. Yarona yana jiƙa tsumma da fetur ya kara a bakin iska don ta tashi da wuri. Sannan akwai wata ƙaramar ƙas-ƙas a sama da ba ta ɗaukewa ko ta yi zafi.
Daga wani direban tirela, Wamakko

AMSA: Ɗan'uwa, ƙara biyu ka kawo mini, kowace da nata dalili, sannan ga ɗabi'a guda da nake so a daina daga yau.

Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da gas zai kama da kansa in nozul ya fesa. Da sanyin asuba ƙarfen silinda yana shanye zafin nan, gas ya ɗan jinkirta kamawa, ya taru, sannan ya kama gaba ɗaya. Wannan bugun shi ne ƙwal-ƙwal, farin hayaƙin kuma gas ne da bai ƙone ba. Kaɗan daga wannan a hunturu ɗabi'ar injin gas ce. Amma minti biyar, har ana neman taimakon fetur, yana nufin wani abu ya ragu. A duba abin ɗumama iskar shiga in motar na da shi, wanda muke kira hita. A duba batir biyun, don tirela da volt 24 take tashi, in ɗaya ya yi sanyi inji ba zai juya da saurin da zai tara zafi ba. A zubar da ruwan da ke taruwa ƙarƙashin filtar gas. In duk lafiya, a kai nozul wurin masu gwaji a ga ko feshi suke ko tsiyaya, a kuma auna matsin silinda.

Tsumman fetur kuwa, ka hana yaronka. Fetur yana kamawa tun fistan bai kai sama ba, ya doke shi yana tahowa. Zobe na karyewa ta haka, kuma in hita na kunne wuta na iya tashi a hannun yaron.

Ƙas-ƙas ɗin da ba ta ɗaukewa, ita ce ta bawul. Manyan injinan nan da sukuru ake saita gibinsu, kuma aiki ne da ake yi lokaci-lokaci kamar juye, inji na sanyi, da filla geji, bisa awon da kamfani ya rubuta. Direbobi da yawa sukan yi shekaru ba a buɗe murfin nan ba. Kuma kada a matse fiye da kima don neman shiru: bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, a hankali ya ƙone. Gara a ji 'yar ƙara a kan a ji shiru irin wannan. In an buɗe, a leƙa gindin nozul. In wanshar tagullar da ke ƙarƙashinsa ta saki, matsi yana tserewa ta nan da 'yar ƙara, yana barin baƙin datti. A duba ƙusoshin manifol wajen tobo, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, kamar yadda na faɗa wa na Illela.

Gargaɗi ga yaran gareji: a tsofaffin injina irin na Mercedes 911 mukan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji na aiki don gano silindar da ke bugu. Kada a gwada wannan a sabbin injina masu kwamfuta. Matsin gas a cikinsu yana haura bar 1,500 a ma'aunin matsi, yana huda fata.

Da safe ka ba ta lokaci. Tada, bar ta a silo, ga allurar mai ta tashi, ga tankin iska ya cika, sannan ka motsa a hankali. Ƙurar hunturu da ta siminti kuma suna haɗuwa a filtar iska, a riƙa duba ta.

TAMBAYA: Baba, Corolla ɗin mahaifina in na murɗa makulli sai ta yi ƙat-ƙat-ƙat da sauri, ba ta tashi. Ita ma matsalar mai ce?
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Danfodiyo

AMSA: A'a ɗana, injin ma bai juya ba balle mai ya shigo maganar. Kik, abin da ke juya inji ya tashi, shi ne ke neman kamawa wuta ba ta isa. Kwance kawunan batir, kankare farin garin da ya taru, ɗaure tamau. In ba ta tashi ba a auna batir: cikakke yana nuna wajen volt 12.6 in mota na kashe. Zafin bazara ke cin batir, sanyin hunturu ya tona asirinsa. In batir lafiya lau, a duba wayar da ta haɗa inji da bodi, sannan kik ɗin kansa.

TAMBAYA: Ina da Camry ƙirar 2007 mai silinda 4. Da safe tana yin gwaf-gwaf daga ƙasa, jar fitilar mai kuma takan jima kafin ta mutu. Kwanan nan in na tsaya a silo bayan doguwar tafiya fitilar tana ƙiftawa. Tana shan baƙin mai, ina ƙarawa in na tuna. Mako mai zuwa zan kai iyali biki Kano. Za ta kai?
Daga wani dattijo, Bodinga

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa: kada ku hau hanyar Kano da motar nan. Ko cikin gari ban so ku sake tada ta ba sai an auna.

Galibin wasiƙun da na amsa a sama, ƙararsu siririya ce kuma daga sama. Taku mai nauyi ce daga ƙasa, ga jar fitila ta ba da shaida. Fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas. Ƙiftawarta a silo in inji ya yi zafi yana nufin mai ya tsinke, yana zurarewa ta gibin da ya buɗe. Gibin nan galibi a metal yake, wato 'yan ɓawon ƙarfen da ke tsakanin karanshaf da sandar fistan. A inji mai lafiya ƙarfen nan biyu ba sa taɓa juna, a kan siririn mai suke shawagi. In mai ya yi ƙasa sau da yawa, metal ya ci, gibi ya buɗe, sandar ta fara dukan karanshaf. Injin Camry na shekarun nan an san shi da shan mai ta zobban fistan, kamfanin ma ya amsa haka. Wanda ke da ita, gejin mai kowane mako ne, ba sai an tuna ba.

Akwai wata ƙara mai kama da ita da ba ta kai ta haɗari ba: fistan da ya ɗan yi sako-sako a cikin silinda yakan yi ƙwal-ƙwal da sanyi, in ya ɗau zafi ya kumbura ya yi shiru. Amma ita wannan ba ta kunna jar fitila. Kuma wani lokaci abin da ke kunna fitilar ne ya lalace, ba injin ba. Don haka nake cewa a auna, kada a yi kirdado. Bakanike ya same ta a gida da gejin auna ƙarfin mai, ya cire na'urar fitilar ya ɗaura gejin a wurin, ya karanta da sanyi da kuma zafi. Ya tsiyaye man a roba mai tsabta ya kai rana: in yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, metal ne ke narkewa. Ya yanka tsohuwar filta ya buɗe takardar cikinta ya gani. Ya cire wayar koyil ɗaya bayan ɗaya, silindar da ƙarar ta ragu in an kashe ta, ita ce mai ciwon. Ya kwance botom filet ya duba ragar famfo, don in Allah ya taimaka toshewa ce kawai ta yi.

In an kama shi yanzu, ana iya tsira da sabon metal da wankin raga, ko a kai karanshaf a gyara fuskarsa. In aka ɗora iyali da kaya aka miƙi hanyar Gusau da rana tsaka, metal na iya kamewa ya juya, ko sanda ta karye ta huda bulok, a nan sai sayen wani injin. Kuma hanyar nan ba wurin da mutum zai so ya tsaya da mata da yara ba ne a wannan lokaci. Ku ɗauki shatar mota ku je Kano, ita Camry ta jira ku a gida, makullinta a aljihunku don kada yara su tada ta. Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.